Zare Na Bakwai Daga Taga

Shekara ashirin da biyu rabona da ƙofar nan.
Jikata ce ta matsa, wai in zo Kakuri in ga
abin da wata yarinya ta yi da ɗakin saƙarmu.
Na ce, ɗakin da jemagu suka gada?
Ta ce, Kaka, ga takalminka.

Babu inji ko ɗaya. An auna su a sikeli tuntuni.
Sai ramukan kusoshi a siminti,
huɗu-huɗu, kamar sawun dabbar da ta wuce.
Na gane nawa: na bakwai daga taga.
Amma daga rufi zuwa ƙasa an miƙe zaruruwa,
farare, kowanne da ɗan ƙarfe a gindinsa
da waya siririya da ta bi bango ta ɓace.

Kyauta sunanta, 'yar Unguwar Romi,
yatsunta duk tabon dalma.
Ta yi magana ta gefen kunnen da ya mutu,
sai na karanta leɓenta,
don a ɗakin nan muka koyi wannan karatu.
Cewa ta yi, Baba, nan ba a kallo.
Taɓawa ake yi.

Na taɓa.
Kogin Kaduna ya zubo daga lasifika,
cikarsa ta watan Agusta, ƙarƙashin gada.
Wani yaro ya ja na kusa,
gudumar Panteka ta faɗo cikin ruwan, ba ta nutse ba.
Wata mata ta goga kafaɗa da wani cikin rashin sani,
jirgin Rigasa ya yi kuka,
ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta fashe da dariya.
Ga kiran yaran mota, Kawo, Kawo, saura mutum ɗaya,
ga tafasar mai a kaskon ƙosai,
ga ƙararrawar coci da kiran asuba
sun gamu a tsakiyar ɗaki, ba wanda ya kauce wa wani.

Ba kiɗa ba ne, ba kuwa hayaniya ba.
In mutane suka yi yawa, gari ya cika ɗakin.
In suka janye hannu, sai numfashinmu.

Na ce mata, kin tara garin duka,
ina muryar ɗakin?
Ta sunkuyar da kai.
Wai ta bi gidajen rediyo, ta bi masu tsoffin kaset,
ba wanda ya taɓa ɗaukar ƙarar injin saƙa.
Wa zai ɗauki abin da ake toshe wa kunne da auduga?

Ta nuna wani zare. Wannan, in ji ta, wofi ne.
Abin da ka ba shi, shi yake riƙewa.

Na tsaya tsakanin ramukan nan huɗu.
Na ji kunya, da furfurata.
Sannan na buɗe baki:
kacam-kaca, kacam-kaca,
harshe na jefa ƙoshiya, diddige na ba ta amsa.
Kafaɗata ta tuna kafin ni.
Na sa fiton Jatau na lokacin canjin aiki,
Jatau da tari ya tafi da shi kafin a biya mu haƙƙinmu.
Na sa tarin ma.

Ba wanda ya tafa, na gode musu.

Jikata ta miƙa yatsa ta ja zaren.
Sai ga ni daga rufi, ga ni daga bango,
tsoho guda yana ƙoƙarin zama inji ɗari uku,
kogi na bi ta ƙarƙashinsa.

Kyauta ta ce, haka yake, Baba?
Na ce, a'a. Ya fi haka sauri,
kuma ƙasa tana rawa.
Akwai Dogara a Nasarawa, akwai Barau mai facin taya,
ranar Asabar zan zo da su.
Ki ƙara zare.